Ranar da Wayata Ta Taya Mai Girma Jawabi

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce saura ƙiris in kwana a hannun hukuma, kuma ban zagi kowa ba. Ni Safiyanu kafinta, wanda ko akuyar maƙwabci ta cinye masa abinci sai dai ya ce Allah ya shirye ta. Wayata ce ta jawo mini.

Bari in gabatar muku da ita. Shekara huɗu ke nan da na saye ta, kuma mai shagon bai ɓoye mini komai ba, cewa ya yi ita ce ta ƙarshe a araha. Na ce bismillah, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kuma tsakani da Allah tana da halin kirki. Caji ɗaya kwana uku, abin da wutar unguwarmu ba ta taɓa yi ba. Ta faɗo daga saman rufi sau biyu, ta faɗa bokitin fenti sau ɗaya, tana nan da ranta. Sifikarta kuwa, in aka kira ni a shago, matata Kadijatu tana jin gaisuwar daga cikin gida.

Sai dai araha ba ta ado. In ka taɓa ta, sai ta yi shawara da 'yan'uwanta kafin ta amsa. Maɓallin rage murya da na kashewa sun zube tun bara, sai da tsinken ashana ake lallaɓa su. Kyamararta kuma maroƙiya ce, ba ta iya faɗin gaskiya. In ta ɗauke ni, sai ta goge furfura da tamoji, in fito kamar ango. Babban ciwonta shi ne ƙaramin ciki: kullum ƙorafinta ta cika, sai an goge wani abu kafin ta karɓi wani.

To, a bayan layinmu a Kagarawal akwai wani kwari da ruwa ya haƙa, duk damina sai ya ƙara gutsurar ƙasa. Gidan da ke bakinsa na Ya Fanna ne, wata dattijuwa da suka baro Borno ita da mijinta Abba Gana lokacin tashin hankali, suka gina ɗaki biyu da madafa da guminsu. Abba Gana ya rasu shekara uku da suka wuce. Lokacin da na sayi wayar nan, taku goma sha ɗaya ne tsakanin kwarin da ɗakin da take kwana. Yanzu taku uku. Ni nake aunawa, kuma kafinta ba ya wasa da awo.

Ba mu zauna haka ba. Na taɓa ɗaukar hoton kwarin na kai wani ofishi mai sanyi. Amma maroƙiyar tawa ta shafa masa hoda, ta lailaye bakinsa, ta ƙara wa ciyawa kore. Jami'in ya duba, ya ce, "Malam, ai wannan wurin shaƙatawa ne." Na dawo gida da hotona.

Sai ga labari cewa Mai Girma Sarkin Duba Lamurra, Garkuwan Alkawura, Allah ya ja zamaninsa, zai zo da kansa ya gane wa idonsa. Ba baƙo ba ne. Ya taɓa zuwa shekara huɗu baya, a makon da na sayi wayar, na kuma ɗauki jawabinsa kakaf saboda ɗokin sabon abu. Bidiyon yana nan, shi ya cinye rabin cikinta. Na ƙi goge shi ne don abu ɗaya: a bayan Mai Girma, kusa da bishiyar lemun tsami, ga Abba Gana nan tsaye yana tafi. Ya Fanna ba ta da wani hoton mijinta a duniya, sun baro komai a can Borno. Shekara uku ina cewa gobe zan kai a juye mata shi a wani wuri. Kun ga ashe ni ma ina da jinin manya.

Maƙwabcina Joda mai sayar da awaki shi ya ɗora mini aikin. Ya ce, "Safiyanu, kai za ka ɗauka. Alkawari kaya ne, amma in ba shaida sai ya zama iska."

Na ce, "Waccan shaidar da na ɗauka me ta tsinana?"

Ya ce, "Waccan ta tsufa. A samo sabuwa."

Ranar Talata muka fito tun da hantsi, aka shanya mu har bayan azahar. Sai ga motoci goma sha huɗu, na ƙirga. A yabi gwani in ya yi abin yabo: a wannan zamani da nake kwana biyu ina bin layin mai da babur ɗina, mutum ya ciyar da motoci goma sha huɗu don ya zo ya leƙa rami ɗaya, ai ƙauna ba ta wuce haka. Abin da aka manta kawai shi ne man janareton lasifika. Saboda haka Mai Girma zai yi magana da muryar da Allah ya ba shi, ni kuma na matsa gab da shi, tunda kyamarata ba ta hangen nesa.

Ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. Na danna. Wayar ta ce ta cika.

Joda ya zungure ni. "Goge tsohon mana! Za a wuce ka!"

Allah ya yafe mini, na yi niyya. Gumi ya karyo mini, na nemo bidiyon, na kai yatsa wajen gogewa. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Na danna na uku da fushi. Ashe baiwar Allah tana tara saƙonnin ne, da ta gama shawara sai ta zaɓi wanda ya yi mata, ta buɗe bidiyon da iya ƙarfin sifikarta.

Mai Girma na yau ya ce, "Ya ku al'ummar wannan unguwa mai albarka..."

Mai Girma na cikin waya ya ce, "...yau idona ya gani, zuciyata ta karaya."

Na yau ya tsaya. Ya kalli takardarsa, ya ci gaba, "Yau idona ya gani, zuciyata ta karaya. Ina tabbatar muku..."

Na waya ya riga shi: "...kafin saukar ruwan fari, za ku ga motocin aiki a nan wurin!"

Jama'a, ko waƙafi bai canja ba. Takardar ma ina kyautata zaton ita ce, an dai adana ta da kyau, kuma wannan ai tsimin dukiyar al'umma ne. Sai wani daga baya ya kece da dariya, sai kowa ya ɗauka. Wani hadimi mai baƙin tabarau ya yi kaina. "Baba, kashe abin nan! Ka san gaban wa kake?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta daskare. Sai da tsinken ashana."

Duk cikin motoci goma sha huɗu ba a samu tsinken ashana ɗaya ba. Ya ce a cire batir, na ce irin wanda ake haifarta da shi ne. Ya ce yaushe cajin zai ƙare, na ce in Allah ya yarda ranar Juma'a.

Yana ƙoƙarin fizge ta sai Ya Fanna ta kutso da sandarta, ta riƙe hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, bar shi ya gama. Ranka ya daɗe, duba nan. Ka ga bishiyar lemun nan? Tana cikin kwari. Ka ga madafata? Tana cikin kwari. Wannan mai tafin mijina ne, yana kabari. A hoton nan kai kaɗai ka rage yadda kake."

Dariyar ta mutu. Ni kam idona ya kawo ruwa, kuma kunya ta kama ni, don yatsana ne ya so ya binne Abba Gana karo na biyu saboda a samu wurin ajiye sabon alkawari.

Mai Girma ya nuna dattaku, ya ce lallai za a kafa kwamiti. Motoci suka juya. Washegari sai ga hadimin nan a shagona da kwali mai ƙyalli, waya sabuwa dal mai ido uku, kyauta daga sama, sharaɗin kawai in ba shi tsohuwar don a rage mini kaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na shafa kwalin har sau biyu. Kadijatu ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka tambaye shi, cikin sabuwar akwai Abba Gana?" Na mayar masa da kayansa.

A ranar na kai aka juye bidiyon a wuri uku, goben shekara uku ta iso. Ranar Asabar ni da Joda da mutanen layi muka cika buhuna da yashi muka jera a bakin kwarin. Kwamiti ma bai yi barci ba, ya aiko da allon sanarwa mai kyau, aka kafa a gefen ramin. Ruwan ranar Lahadi ya tafi da shi. Buhunanmu sun riƙe gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zube. Na sake awo: taku biyu.

Jiya da la'asar Ya Fanna ta zo shago ta zauna a kan benci. Ta ce, "Safiyanu, kunna mini shi in gani." Na kunna, Mai Girma ya fara karaya da zuciya. Ta ciro tsinken ashana daga bakin zaninta ta miƙo mini. "Kashe muryar. Ba shi na zo gani ba."

Na kashe. Muka zauna muna kallon Abba Gana yana tafi a gindin lemunsa, Mai Girma kuma yana ta motsa baki.

Saboda haka masu tambayata ko su sayi irin wannan waya, na ce ku saya. Tana da nawa, tana da ƙarya a ido, cikinta bai fi na kaza ba. Amma da tsinken ashana ɗaya za ka iya sa babban mutum ya yi shiru, kuma ban ji jawabin ya rasa komai ba.