Tayar da Ta Kwanta ta Sama

Ba zan taɓa mantawa da baje kolin kimiyya na makarantarmu ba, shekarar da nake aji biyar na sakandare a Jibiya. Duk wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci makaranta a Katsina, ni kuwa na ƙudurta a raina cewa ni ne. (Ban faɗa wa kowa ba. A lokacin ko "ina kwana" sai na yi gwajinta a zuci kafin ta fito.)

Abin da na dogara da shi wani ƙaramin jirgin sama ne na roba, irin wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi masa fenti. Mijin yayata ne ya tsinto mini shi a gwanjon Maraɗi. Komai na ciki, ban da manyan tayoyi biyu.

Na gwada maɓallin riga. Na gwada murfin kwalba. Na yanka silifas ɗin wanka na gidanmu (har yau Inna na zargin ɓera). Duk wanda na auna da rula sai in ga bai yi daidai ba, in jefar. Daga ƙarshe na gano a intanet cewa akwai masu ƙera tayoyin irin waɗannan jirage kawai, su sayar daban. Wani ɗan'uwanmu a Kano ya yi mini oda, na yi sati bakwai ina jira.

Da suka iso, cikin wata 'yar leda da ba ta kai ta magi ba, sai na zazzage su na duba. Zanen tayar ya fito tsaf, har kan notuna ana gani, amma kowacce gefe guda a baje yake, ya ɗan kumburo, kamar an taka ta. A takardar da ke ciki akwai wata kalmar Turanci, na duba ƙamus ya ce tana nufin "mai nauyi". Na ɗora su a tafin hannu. Ko ƙwayar gyaɗa ta fi su nauyi. Nan na yanke hukunci cewa an cuce ni.

Ban tambayi kowa ba, ban kuma karaya ba. Na yi dabara: na juya gefen da ya baje ya kalli sama, ya ɓuya ƙarƙashin fiffike, gefen da ke zagaye ya taka ƙasa. Na liƙe da gam mai ƙarfi. Na ja da baya na kalli aikina, na ji kamar in yi wa kaina tafi.

Ranar baje koli aka gayyaci iyaye. Ni Kawu Lawal ne ya zo mini, ƙanen Inna, wanda ke faci a bakin boda, inda manyan motocin hatsi ke layi kafin su tsallaka. Alƙalin gasar wani jami'i ne daga Katsina. Da ya iso teburina na karanto masa bayanin da na haddace, ban ci tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ma a nan na tsaya. Amma daɗin bakina ya ɗebe ni, na ƙara da cewa, "Yallaɓai, har kuskuren kamfani na gyara. Tayoyin sun zo a lotse, na ɓoye lotsawar a sama."

Kawu ya sunkuya, ya leƙa ƙarƙashin fiffiken. Ya daɗe a haka. Sai na ga kafaɗunsa na rawa.

"Kai, ɗan Inna, mi ka yi nan?" Muryar Kawu ta saba da gasa da injin tirela, don haka duk zauren ya waiwayo. "Shekara ashirin ina faci a boda, na ga ta kamiyo mai ɗaukar hatsi, na ga ta babur, na ga ta amalanke. Wallahi ban taɓa ganin tayar da ta kwanta ta sama ba sai yau!"

"Kawu, ai lahani ne..."

"Lahanin mi? In aka lafta wa mota buhunan gero, ina taya ke bajewa? Ƙasa! Nauyin jirgin suka nuna maka. Kullum kana wuce motocin a gaban rumfata, amma littafi ya rufe maka fuska."

Zauren ya ɗauki dariya. Wani daga bayan aji ya yi ihu, "Jirgin ƙafa-sama!" Alƙalin ya toshe baki da fayil ɗinsa, ya ce zai zagaya sauran tebura, ya dawo bayan azahar. Na so in shige cikin kwalin nan in rufe.

Amma ban tafi ba. Na ce, "Kawu, kana da reza?" Ya zaro ta daga aljihu kamar da ma jira yake. Ya riƙe jirgin da yatsunsa masu baƙin mai, ni kuma na yanke tayoyin a hankali. Muka ari allura wajen malamar girki, muka karya ta biyu ta zama sandar taya, a madadin ta roba da rezar ta yanke. Da na juya su na aje jirgin, sai ya zauna daram, kamar da gaske yana ɗauke da fasinja da kayansu. Sai a lokacin na ga abin da na yi sati bakwai ina jira.

Alƙalin ya dawo, shi ma ya sunkuya ya leƙa. Ya rubuta wani abu, sannan ya ce, "Kai za ka Katsina. Amma in da hali, ka tafi da kawunka."

Na je Katsina, sunan Ƙafa-sama ma ya bi ni, har yau bai sake ni ba. Ƙamus ɗin yana nan, ina kuma duba shi. Sai dai yanzu in ya ba ni amsa, nakan rufe shi in taka zuwa rumfar Kawu, in kalli motocin da ke layi tukuna.