Ranar da Na Yar da Iya Saratu a Daji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki Iya Saratu za mu kai ta asibiti ba, kuma ko na so in manta, jikokinta ba za su bar ni ba.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina saurayi, fitowata ke nan daga makarantar koyon aikin bishara, aka tura ni wani ɗan ƙauye can bayan Kakangi, a bakin daji. Ni kuwa a cikin garin Zariya na tashi. Iyakar dajin da na sani kafin nan gonar rogon kawuna ce. Na iso da akwatin ƙarfe da keke da farin wando mai kari, da kuma kai wanda ya fi akwatin girma.

Ikilisiyar ƙarama ce, ɗakin jinka da kujerun ƙasa. Yawancin mutanenta manoma ne Gbagyi, su yi mini Hausa in muna tare, in za su yi maganata kuma su juya harshe (a lokacin na ɗauka yabona suke yi). Kowa Malam yake ce mini, har waɗanda suka yi jika da ni.

Iya Saratu ita ce shugabar matan ikilisiya, ita ce kuma ungozomar ƙauyen. Tun ranar da na zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan in aka bar shi da tukunya yunwa za ta kashe mana shi." Daga ranar ban ƙara hura wuta ba. Tuwon dawa da miyar karkashi, wani lokaci doya da manja, kullum daga gidanta. A gaban jama'a ni Malam ne, in mu biyu ne kuwa sai ta ce ɗana.

Ƙarshen damina kurkunu ya fito mata a ƙafa. Wurin ya ruɓe, ƙafar ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ta. An yi na gida har an gaji. Baba Yohanna, dattijon ikilisiya, ya tara mu da safe a ƙofar gidanta ya ce ba makawa sai an kai ta Birnin Gwari. Hanya biyu ce zuwa bakin titi inda ake samun mota. Ɗaya ta zagaye daji, sai a wuni ana tafiya. Ɗayar ta ratsa ta cikinsa, kafin azahar an fita. Matsalar ita ce maharba sun ce sun ga sawun ɓauna a bakin rafi, ita kuwa ɓauna in ta fusata ba ta san malami ba, ba ta san ɗalibi ba.

Kowa ya koma kallon ƙasa. Nan fa na ga dama ta samu. Na miƙe, na gyara wuyan riga, na ce, "Haba jama'a! Uwarmu tana kwance rai a hannun Allah, mu tsaya muna tsoron naman daji? Ina bangaskiyarku?"

Baba Yohanna ya ɗago kai a hankali ya ce, "Malam, ka taɓa ganin ɓauna?"

Na ce, "Baba, Wanda ya halicce ta shi muke bauta wa." (A hoto kawai na taɓa ganin ta, cikin littafin firamare, shi ma shafin ya yage daga wuya zuwa ƙasa.)

Ya ce, "To, madalla. Mu bi ta daji."

Aka ɗaure gadon tukurwa a kan sanduna biyu, aka kwantar da Iya. Ɗanta Bulus da Baba Yohanna suka kama baya. Malam Sule, maƙwabcinta Musulmi, ya ajiye fartanyarsa ya zo ya kama gaba, ya ce duk 'ya'yansa a hannunta suka faɗo, ba zai zauna a gona ana ɗaukar ta ba. Saura kusurwa ɗaya. Samari suna nan tsaye, amma na ce sam, ni zan ɗauka, kuma a gaba. Mata kaɗan suka biyo mu da ƙwaryar abinci da tulun ruwa.

Da farko abin gwanin daɗi. Har waƙa na ɗauko, mata suna amsawa. Amma da muka nutsa, ciyawar gamba ta fi tsayinmu, hanya ta zama siririya, sandar ta fara cin kafaɗata, sai na ji waƙar tana ƙanƙancewa har ta mutu. Ba ka jin komai sai takunmu da nishin Iya. Kowane kututture na hango sai in ga kamar yana da ƙaho.

Muna gangarawa bakin rafi sai ciyawa ta motsa a hannun damana, dab da ni. Na ji wani huci, fuuu! Na waiga. Baƙin kai, ƙahoni, jan ido.

Gaskiya ban san lokacin da na yanke shawara ba, ƙafafuna ne suka yanke ba tare da sun tuntuɓe ni ba. Abin da na sani, na ji wata murya ta ƙwala ihu, "Ɓauna! Kowa ya yi ta kansa!" Daga baya aka tabbatar mini muryata ce. Na saki sandar. Gado ya karkace. Iya Saratu ta zame sululu ta faɗa cikin taɓo. Ni kuwa ko da hankalina ya dawo, ina can saman wani maɗaci, na rungume reshe kamar jinjirin biri a jikin uwarsa.

Daga can sama na ga komai sarai, abin da na fi so kada in gani. Babu wanda ya gudu. Ko mutum ɗaya. Bulus da Malam Sule sun durƙusa suna cicciɓo Iya daga taɓo, mata suna share mata fuska da bakin zane. Ɓaunata kuwa ga ta nan tsaye tana tuƙa, da guntun igiya a wuya. Baƙin bijimi ne. Bayansa wasu shanu farare suka ɓullo, sai ga mai su, wani Bafulatani dogo, sanda a kafaɗa.

Ya yi musu sallama, ya yi wa Iya sannu, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona. Ya ce da Baba Yohanna, "Wannan fa, zuma yake nema?"

Baba Yohanna ya ce, "A'a, malaminmu ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Sai Iya, da ke kwance jikinta duk taɓo, tana haƙi, ta buɗe ido ta ce, "Malam, tun da ka riga ka hau, duba mana ko motar ta iso."

Nan fa aka fashe da dariya. Malam Sule har da zama a ƙasa yana riƙe ciki.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Saukowa ta gagara. Gindin maɗacin nan santsi ne, ba reshe ko ɗaya sai can sama, har yau ban san yadda na hau ba. Ga cinnaku sun gane an yi musu baƙo, sun shiga ta ƙafar wando suna yi mini maraba. Sai da Bafulatanin nan, Buba sunansa, ya jingina da bishiyar, Malam Sule ya taka kafaɗarsa ya kamo ƙafata. Ina zamowa wani tsinken reshe ya kama farin wandona, ƙyaaat, tun daga ƙugu har gwiwa, kuma ta baya. Mata suka juya fuska. Ɗaya daga cikinsu ta kwance zanen da ta yi gammo da shi ta miƙo mini ba tare da ta waigo ba.

Buba ya kira ƙaninsa ya bar masa shanu, ya kama kusurwar da na yar. Ni aka ba ni ƙwaryar abinci. Haka na shiga motar katako, haka na sauka a Birnin Gwari ranar kasuwa, gari ya cika, mai bishara guda ɗaure da zanen mace, da ƙwarya a ka.

A asibiti na maƙale can bayan ƙofa, ina roƙon ƙasa ta tsage. Malamin asibiti ya duba ƙafar ya girgiza kai, ya ce da an ƙara kwana da sai dai a yanke. Ya ɗauko kayan aikinsa zai fara, sai na ji Iya ta ce, "Dakata tukuna. Ina Malam? Ya zo ya yi mini addu'a kafin a taɓa ni."

Na matso ina jan zane. Na sunkuya na ce, "Iya, ni da na yar da ke?"

Ta kama hannuna, nata zafi kamar garwashi. Ta ce, "Kai ka yar da ni, ɗana, ba Wanda za ka roƙa ba. Yi addu'arka."

Ban taɓa yin addu'a marar tsari irin ta ranar ba. Duk manyan kalmomin makaranta suka gudu suka bar ni, sai "Ya Ubangiji, ka taimake ta" nake ta maimaitawa, hawaye na zuba. Malam Sule na gefe yana cewa amin.

Da muka koma ƙauye na sami Baba Yohanna yana sassaƙa ƙotar fartanya, na ce zan nemi a canja mini wurin aiki, don ba ni da fuskar da zan tsaya gaban jama'a. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "In ka tafi, wani sabo za su aiko mana, shi ma sai mun jira ya hau tasa bishiyar kafin mu san ko wane ne. Kai kuwa mun riga mun gama da kai. Zauna."

Ranar Lahadi na tsaya a gaba. Na ce, "Jama'a, kun dai ji." Aka yi dariya har jinka ta amsa, ni ma na yi. Na roƙi gafara, suka ce ba komai. Abin mamaki, daga wannan mako mutane suka fara zuwa ɗakina, abin da ba su yi a da. Bulus ne ya fara. Ya ce tun da uwarsa ta kwanta bai iya barci ba don tsoron za ta mutu, amma ya kasa faɗa mini, yana ganin zan ce ba shi da bangaskiya. Bayansa wasu suka biyo, kowa da abin da ke cin sa. Na bar yi musu dogon jawabi, sai mu zauna, in saurara, mu yi addu'a tare.

Iya ta dawo da ƙafarta, tana ɗan ɗingishi. Na yi shekaru masu yawa a ƙauyen nan, a can na yi aure, kuma a hannunta ɗana na fari ya faɗo. Da ta miƙo mini shi sai ta ƙi saki, ta ce, "Zauna ƙasa tukuna, Malam. Wannan ba a yar da shi."

Abin da nake gaya wa matasan da ke shiga wannan aiki yanzu shi ne, tsoro zai zo, ba ruwansa da farin wando. In ya zo, kuma ka ga lallai sai ka hau bishiya, to ka fara sauke abin da ke kafaɗarka a hankali, sannan ka zaɓi wadda za ka iya saukowa da kanka.