Turaren Delbert

"Kafin ganye ya gama zuba, kan Mai Rassa na rataye a bangon falona," in ji Delbert Kuchta, yana dukan teburin gidan shan kofi har cokula na tsalle. Ya ce shi ko iska sai ta nemi izininsa kafin ta juya. Kai kuwa in ka san Delbert, ka san barewa ɗaya ya taɓa kashewa a duniya, ita ma da gaban mota.

Mai Rassa wani tsohon namijin barewa ne, mai ƙahoni kamar rassan bishiya, da ke kiwo a 'yar gonar waken suya da Rollie, yayan Delbert, ya shuka wa bareyi a bakin daji. Rollie ya shuka, ya rasu bai ga kaka ba. Waken dai ya yi kyau abinsa, kamar bai ji labari ba. Arlene, matar Rollie, ta ba Delbert damar farauta bana kawai: in bai kawo nama ba, farautar gonar ta koma hannun Gus maƙwabci.

Sai gogan ya shiga shiri. Ya yi wanka da sabulu marar ƙamshi, kayansa suka kwana cikin buhun busasshen ganye don kada barewa ta ji warin mutum. Ya sayo kwalbar fitsarin macen barewa mai neman barbara. Mai shago ya ce a ɗiga kaɗan a auduga, a rataye can nesa. Delbert ya ce ɗigo na 'yan koyo ne. Ya juye kwalbar kaf a takalma da wando, ya ratsa gona yana tafiyar ƙasaita.

Da la'asar sakaliya ya haye kujerar ƙarfen da Rollie ya kafa a saman bishiya, ya ɗaure kansa da ɗamarar tsaro, ya jawo igiyar da ake hawo da baka. Igiya ta taho sakayau. Sarkin Baka ya manta bai ɗaura bakan ba. Ga shi can kwance a ƙasa, da kibau da komai.

Zai sauka ke nan, rana ta yi ja a kan waken, daji ya yi tsit, sai ga Mai Rassa. Ko kallon wake bai yi ba. Hanci a ƙasa, ya bi sawun Delbert tiryan-tiryan har gindin bishiya, ya tsaya a kan bakan, ya ɗaga kai cike da buri.

Delbert ya yi zarge a igiya, ya sunkuya wai zai fizgo bakan daga ƙarƙashin kofato. Ya ƙara sunkuyawa. Ƙafa ta zame, ɗamara ta cafke shi, ya tsaya yana reto kamar buhun dankali. Mai Rassa ya miƙa wuya yana shinshinar takalman, yana gurnani a hankali.

"Tafi mana," in ji Delbert cikin raɗa. "Don Allah, ni ba ita ba ce."

Bai tafi ba sai da fitilar motar Gus ta hasko gona. Arlene ta fito daga motar riƙe da wayar Rollie. Ashe kyamarar da marigayin ya ɗaura a bishiya har yanzu tana aiko masa hotuna, ita kuwa ta kasa kashe wayar. Tun rasuwar, yau ne ta fara dariya.

"Matar yaya, dabara ce," in ji Delbert daga sama. "Janyo shi nake yi kusa."

"Ai ya janyu," in ji Arlene. "Farautar gona dai ta zama ta Gus. Amma kada ka damu, Delbert. Shekara da shekaru kana neman mai sonka a garin nan, yau ga shi ka samu, har da rassa."