Nomau da Borin Jinin Tabawa

A ƙauyenmu an yi wani mutum, Nomau, Allah ya jiƙansa. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Gidansa shi ne da matarsa Tabawa, sai kyanwa ɗaya. Tabawa na fama da borin jini: jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Ba wanda ya san mafarinsa.

Wata rana ya kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibiti, Malam Istifanus, ya ce, "Kada wani abu mai gashi ya zauna a ɗakinta." Nomau ya kori kyanwa, ya fitar da buzu, ya aske gemunsa. Sa'an nan ya nufo Tabawa da aska.

"Maigida, lafiya?"

"Saura kanki."

Da kyar maƙwabta suka karɓe askar.

Wata rana kuma malamin ya ce, "Kada ta ci abin da ba ta saba ci ba." Aka aiko musu da naman suna. Nomau ya janye kwanon gabansa.

"Rabonmu da nama tun Sallah. Ba ki saba ba."

Ya cinye, yana yi mata sannu.

Wata rana ciwon ya tashi fiye da kullum, har muka fara fid da rai. Da ta farfaɗo, malamin ya ce, "Kawo mini duk abin da ta taɓa jiya, da wanda ya taɓa ta."

Nomau ya ɗoro wa jaki tabarma, turmi, tulu da tsintsiya. A baya kuma yana janye da Kande mai ƙuli-ƙuli.

"Sake ni, Nomau! Ni kaya ce?"

"Kin taɓa ta. Ke kika yi mata kitso."

Mutane suka yi ta dariya. Malam Istifanus bai yi ba. Ya dubi hannun Kande yana ƙyalli.

"Da me kike shafa mata kai?"

"Man gyaɗa mana. In ba ta ƙuli tana taunawa."

"Duk yaushe?"

"Duk sati biyu."

Tabawa ta ce, "Wallahi ran kitso yake tashi."

Tun daga ranar aka raba ta da gyaɗa, ta ƙara shekara ashirin da uku a duniya. Amma a ranar Nomau ya tashi barin wurin cikin damuwa.

"Malam, a yi haƙuri," in ji shi. "Rijiya ce na kasa ɗaukowa."