Ranar Da Na Koya Wa Mutanen Aliero Noman Albasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manoman albasa don in nuna musu yadda ake noman albasa ba. Kuma tun yanzu in faɗa, ba neman afuwa nake ba.

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba aka tura ni hedimasta a wata firamare kusa da Aliero. Da zarar rani ya kama, sai azuzuwa su zama kango, yara duk suna fadama. Sufeto ya ce in ba a ga ɗalibai ba a zangon, za a haɗe makarantar da ta wani gari, ni kuma in koma riƙe alli a aji biyu.

Ana haka aka kira mu bita a Jega, kwana uku ana koya mana yadda shugaban makaranta zai shigo da al'adun mutane da sana'arsu cikin karatu. Na cika littafi da rubutu (har tambaya na yi, aka tafa mini). Ina dawowa na sa aka gyara fili bayan ofis, na ce lambun albasa za mu yi. Ni da na tashi a Birnin Kebbi, ban san albasa ba sai a miya.

Ban tambayi kowa ba. Ina ni ina tambaya, ga takarda? Na watsa iri, na zuba takin zamani kamar ba gobe, ruwa safe da yamma. Ganye ya tashi kore shar, har ya kusa gwiwata. Yara in sun wuce sai su riƙa ƙunshe dariya, ni kuwa na ɗauka murna ce.

Sai na gayyaci iyaye da sufeto da malamar da ta yi mana bitar. Na ci babbar riga, na yi jawabin rabin awa a kan noman zamani. Wani dattijo, Baba Dikko, wanda albasarsa ke cika mota duk shekara, ya ɗaga hannu.

"Malam Hedimasta, mun ji. Tumɓuke muna guda mu gani."

Na naɗe hannun riga, na ja. Abin da ya fito bai kai kan babban yatsana ba. Na ja ta biyu, ta fi ta farko ƙanƙanta. Na ja ta uku (taurin kai ba kyau), wannan ko kai ba ta da shi.

"Yaushe kay yi dashe?" in ji Baba Dikko.

Na ce, "Wane dashe?"

Wallahi har sufeto sai da ya dafa bango. Baba Dikko ya share hawayen dariya ya ce, "Yaro, wanga lawashi na kan noma. Jikata Hajo ta hi ka."

Kunya ta rufe ni, ji nake kamar in bi ramin albasar in shige. Amma sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "To Baba, tunda ka fi ni, ga aji nan. Ranar Laraba ka zo ka koyar, ni zan zauna a benci."

Ya zo, don kawai ya ga ko zan zauna. Na zauna, a layin gaba ma. Iyaye suka turo yara kallon hedimasta yana shan tambaya, azuzuwa suka cika, sai muka koma tashi makaranta da wuri don su samu zuwa ban ruwa a fadama. Ba a haɗe makarantar ba.

Har yau a Aliero akwai masu kirana Malam Lawashi, kuma ina amsawa da ƙarfi. Abu ɗaya dai na koya: in za ka shigo da al'adar mutane makaranta, ka shigo da masu ita tukuna, kai ka nemi benci.