Ƙarfe Ɗaya Ya Rage

Shekara uku a jere ruwa bai sauka a gabashin Dajin Dabbobi ba. A yamma kuwa dawa ta yi yawa har tana ruɓewa a rumbu. Tsakanin gabas da yamma tafiyar wata biyar ce a bayan jaki, kafin hatsi ya isa, wanda aka aika wa ya mutu.

Sarki Zaki ya tara majalisa ya ce za a shimfiɗa layin dogo daga tekun gabas zuwa tekun yamma. Ya ba Kure, Ministan Gabas, aikin farawa daga can, ya ba Dila, Ministan Yamma, aikin farawa daga nan, su haɗu a tsakiya. Aka kwashi jakuna majiya ƙarfi daga kowane gida, aka yi musu alkawarin sallama ranar da layin ya haɗu.

Wani dattijon jaki mai suna Akaza 'ya'ya biyu gare shi, Duna da Jangora. Kure ya ɗauki Duna, Dila ya ɗauki Jangora. Shekara shida suna aikin diga, suna fasa dutse, suna jan ƙarfe. Duk matafiyin da ya ratsa ƙauyen sai Akaza ya tare shi: "Don Allah, ka ga wani baƙin jaki mai tsagaggen kunne? Yana cin abinci? Tarin nan ya sake shi?"

A shekara ta bakwai layukan biyu suka zo dab da juna a wani fili. Ƙarfe ɗaya ya rage. Nan aiki ya tsaya cak.

A al'adar dajin, idan babba ya je wurin babba, wanda ya zo shi ke durƙusawa ya yi gaisuwa. To duk ministan da ya sa ƙarfen ƙarshe, shi ne ya zo wurin ɗan'uwansa. Kure ya ce gwiwarsa ba ta san ƙasa ba. Dila ya ce tasa ma haka. Damina biyu suka wuce, leburori na goge ƙarfen da suka riga suka shimfiɗa, Duna na hango ƙanensa a tsallake, ba damar magana.

Akaza ya kasa haƙuri, ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ɗaya ne. Ni zan ɗauko shi in sa. Ni ba na Gabas ba, ba na Yamma ba. In gaisuwa ce, zan durƙusa wa kowannensu sau goma, ai na saba. A sakar mini yarana kawai, gonata ta zama daji."

Kure ya miƙe, ya gyara babbar riga. "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan gwamnati tana ƙaunar jakuna. Babu wanda ya kai ni kuka saboda jakuna. Amma wanda ya kammala aikin ƙasa sarauta ake naɗa masa. Yau mu naɗa wa jaki rawani? A ina kunnuwan za su shiga?"

"Karon farko ke nan da na yarda da ɗan'uwana," in ji Dila. "Kuma ina tabbatar wa talakawa, ɓangarenmu a shirye yake tun bara. Muna nan muna jiran baƙo."

"Baƙon da kake jira yana jiranka!" Kure ya daka masa tsawa.

Aka tashi Kunkuru, alƙalin fada, daga gyangyaɗi. Ya yi dogon tunani, sannan ya ce tunda matsalar giɓi ce, sai a hana giɓin. Nan take aka yi doka: layin dogo ya haɗu tun yau, duk wanda ya ce akwai giɓi a cinye shi. Majalisa ta kaure da tafi.

"To, ranka ya daɗe, tunda ya haɗu, yarana fa?" Akaza ya tambaya.

"Sai jirgina ya bi ta kai," in ji Zaki. "Su tsaya su yi mini tafi, sannan su tafi gida."

Kure ya koma gida yana dariya, ya tabbata dokar za ta sa Dila ya sa ƙarfen a ɓoye. Dila ma haka ya zata game da Kure. Babu wanda ya aika a duba, domin aikawa tamkar cewa akwai giɓi ne.

Ranar buɗe layi da hantsi aka jera jakuna hagu da dama a filin. Akaza ya kutsa har ya tsaya tsakanin 'ya'yansa. Duna ya rame, Jangora ya fara furfura. Daga nesa hayaƙi ya turnuƙe: jirgin Sarki ne, Zaki da ministocinsa a taragon gaba, Biri direba ya sake shi da gudu don ya burge.

Akaza ya dubi layin, ga giɓin nan yadda yake. Ya ruga wurin Kare, ɗan sandan da ke riƙe da jar tuta.

"Yallaɓai, ɗaga tutar nan! Su tsaya!"

"Saboda me, baba?"

"Saboda akwai…" Akaza ya dubi haƙoran Kare. Ya waiga ya dubi 'ya'yansa.

"Akwai me?"

"Babu komai, yallaɓai."

Ya koma ya ce wa jakunan da ke kusa su ɗan ja da baya, rana ta yi zafi, ga inuwa can. Suka ja. Na bayansu ma suka ja.

An ji ƙarar har ƙauyuka bakwai. Da ƙura ta lafa, tayar jirgi guda ce kawai ke juyawa a sama. Kare ya dubi tutarsa, ya ajiye ta a hankali, ya bi ta cikin ciyawa.

Jangora ya ce, "Baba, mu yi tafin?"

Akaza ya daɗe yana kallon taragon gaba. Babu wanda ya fito.

"Babu sauran mai tambayarmu," in ji shi. "Ku wuce gaba, ina bayanku. Duna, tafi a hankali da wannan tarin."