Oga Barnaba da Sunan da Fada Ya Raɗa Masa

Duk Tudun Mishan babu wanda bai san Oga Barnaba mai walda ba. In ba ka san shi da ƙofofin ƙarfen da yake ƙerawa ba, to ka san shi da baki. Gajere ne kakkaura, ga tumbi kamar ya haɗiye tulu, amma in ya soma labarin zamanin da yake gola, kai da tashi sai shayinka ya huce.

A Makarantar Fada ya yi sakandare, wato makarantar 'yan Katolika ta bayan coci, inda yanzu 'yarsa Keziya take aji biyar. A faɗarsa, shekara uku yana tsaron raga, ko iska ba ta taɓa wuce shi ba.

"Ku tambaya ku sha labari!" in ji shi a teburin mai shayi. "Wata rana wani ƙato ya ɗirko mini ƙwallo, na cafe da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina ɓare gyaɗa. Fadan da ke koya mana wasa, wani Bature, ya kama kai ya ƙwala ihu da Latin: Porta Aperta! Tun daga ranar suna ya bi ni."

"Me ke nan, Oga?"

"Ƙofar Ƙarfe! Ba shiga, ba fita."

Jama'a, sunan nan shi ne ran Oga Barnaba. Ka zagi uwar gyatumarsa ya yi dariya, amma kar ka taɓa sunan. Shi ya rubuta da jan fenti a allon shagonsa, ɓaro-ɓaro: PORTA APERTA, ƘOFOFIN ƘARFE, ƁARAWO YA HAƘURA. Fadoci in sun zo wucewa sai su dubi allon su yi murmushi su kau da kai. Shi kuwa sai ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Ka gani ko? Masu ilimi sun san abin."

Ana nan sai makaranta ta tashi neman mota. Dalili kuwa, duk sanda yara za su je gasa wani gari, a bayan motar 'yan kasuwa ake loda su. Akwai ranar da 'yan matan ƙwallon raga suka isa filin gasa suna warin bunsuru, abokan karawarsu na toshe hanci. Abin ya yi wa Sista Filomina, shugabar makarantar, ciwo ƙwarai. Ta tara iyaye, aka tsai da ranar baza: a yi wasanni, a sayar da abinci, a yi gwanjo, abin da aka samu a zuba a asusun mota.

A wurin taron kowa ya shiga alkawari. Wannan buhun masara, wancan akuya, matan Zumuntar coci suka ce su masa da kunu. Oga Barnaba ya ga ana ta tafa wa mutane ban da shi, sai ya kasa haƙuri. Ya miƙe, ya gyara wando.

"Sista, ni a raga zan tsaya. Kowa ya yanki tikiti ya zo ya buga mini fenareti. Duk ɗan da ya ci ni uku a jere, ya ɗauki talotalo ya tafi da shi gida!"

Wuri ya ɗauki tafi raf-raf-raf. Oga ya zauna yana huci kamar ya ci zaɓe.

Sai a hanyar gida hankalinsa ya dawo jikinsa. Na farko, rabonsa da taɓa ƙwallo shekara talatin da ɗoriya. Na biyu, talotalon ba nasa ba ne. Na matarsa Lai'atu ne, tun Ista take kiwonsa saboda Kirsimeti, da dusa da ganyen zogale, har ya zama in yana tafiya sai ka ce hakimi. Ita kuwa ranar taron tana kasuwa, ba ta san wainar da aka toya ba. Baki dai shi ke yanka wuya.

Amma Oga ba ya rasa dabara. Washegari ya je ofishin Sista, ya russuna.

"Sista, turakun ragar nan naku sun tsufa. Zan ƙera muku sababbi, kyauta."

"Allah ya saka, Oga Barnaba."

"Sai kuma wata 'yar magana. Samarin ƙungiyar ƙwallon makaranta kar a bari su buga mini. Suna da gasa a gaba, in na tare musu ƙwallo gwiwarsu za ta yi sanyi. 'Yan matan ƙungiya ma a bar su su huta. A ba iyaye mata da 'yan aji ɗaya dama, su ma su ɗana."

Sista ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta ce to.

Ya koma shago ya ɗauki tef ɗin awo ya hau aikin turakun. Ya rage taku uku a dama, ya rage uku a hagu, ya sauko da na sama daidai inda hannunsa ke kaiwa ba tare da ya yi tsalle ba. Ya shafe su da farin fenti, suka yi fes.

Ranar baza fili ya cika ya batse. Ga 'yan bandi na makaranta sun sha fararen kaya suna ta bugu, ga tseren buhu, ga na ƙwai a cokali, ga malamai da iyaye suna jan igiya har malamin lissafi ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ƙamshin masa da suya ya gauraye ko'ina. A rumfar manyan baƙi kuwa ga Fada Donatus, tsohon ɗalibin makarantar, wanda ya daɗe yana koyarwa a wata ƙasa, bai fi mako biyu da dawowa ba. Ajinsu ɗaya da Barnaba, shi ne ma kyaftin ɗinsu a lokacin.

Da Oga ya hango shi sai ya yi maza ya kau da kai. Amma ya ce a ransa, ai Fada ba ya tona asiri, aikinsa ke nan.

Tun da safe, da Lai'atu ta fita da tandarta, ya saɗaɗa ya sunkuto talotalo a buhu. Yanzu ga shi ɗaure a gefen raga yana hura hanci. Oga kuma ya fito cikin wata jar jesi da ta ɗame shi har cibiya na leƙe, an rubuta sunan nan a baya.

Wani daga cikin 'yan kallo ya dubi turakun ya ce, "Oga, wannan raga ce ko taga?"

"Sabon yayi ne, ɗan ƙauye! Haka ake yi a Turai yanzu."

Aka hura usur. Wata 'yar aji ɗaya, siririya kamar tsinke, ta zo ta taɓa ƙwallo. Ƙwallo ta gangaro sululu ta tsaya a rabin hanya. Oga ya rugo ya faɗa kanta rijif, ƙura ta tashi. Aka yi shewa. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafa ta kai duka, ƙwallo na nan inda take, silifas ɗinta ne ya yi sama. Oga ya bi silifas ya tare da ƙirji, ya ɗaga shi sama yana zagaya raga.

"Porta!" in ji shi.

"Afata!" yara suka amsa.

Tikiti ya yi ta tafiya kamar ƙosai da zafinsa. Wasu sun ci shi ɗaya, wata ma biyu, amma uku a jere ta gagara, don ragar ko akuya sai ta karkace za ta shiga. Kan Oga ya kumbura. Har ya soma juya wa masu bugu baya yana gaisawa da mutane.

Can sai talotalo ya gaji da rana, ya buɗe wuya ya ce, "Gulu-gulu-gulu!"

A rumfar matan Zumunta, Lai'atu na juya masa, sai ta tsaya cak da cokali a hannu. Uwa ai ba ta ɓata muryar ɗanta. Ta miƙa wa ta kusa da ita cokalin, ta ratso taro, ta zo ta tsaya a gaban raga ta riƙe ƙugu.

"Baban Keziya, wancan talotalon wane ne?"

"Maman Keziya, kwantar da hankalinki. Ado kawai ya zo yi. Yadda ya zo haka zai koma."

"Ka tambaye ni?"

"Haba, a gaban mutane? Bari mu je gida mana."

Lai'atu ta juya ta nufi mai sayar da tikiti. Ta kwance bakin zane ta yanki tikiti. Ta tuɓe takalma ta ajiye gefe, ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu tamau. Matan Zumunta suka bar tanda suka taso da tulunan kiɗansu.

Oga ya matso yana raɗa. "Ke, ki buga a hankali. Talotalon nan ko kin ci ko ba ki ci ba gida zai koma. Sunana za ki zubar."

Ita kuwa da ƙarfi ta amsa, kowa na ji. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara ashirin ina jefo maka makulli ta taga, ko sau ɗaya ka taɓa cafewa?"

Fiiit! Usur.

Ta ja da baya taku biyu, ta sa ɗan yatsan ƙafa, tim! Oga ya yi dama, ƙwallo ta yi hagu. Ɗaya.

"Ban shirya ba!" in ji shi.

Ta biyu ya shirya. Ya buɗe hannuwa, ya buɗe ƙafafu, ya zaro ido. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun nan salin-alin, ko gaisuwa babu. Biyu. Mata suka rangaɗa guɗa, ayyururui!

Gumi ya karyo wa Oga. Lai'atu ta ajiye ƙwallo ta uku, ta nuna kusurwar hagu da yatsa.

"Nan zan buga, Baban Keziya. Na faɗa maka don kar ka ce na cuce ka."

Oga ya ce a ransa, wayo ne, ni za a yi wa? Tana ɗaga ƙafa ya yi tsalle dama da duk ƙarfinsa. Ya manta cewa da hannunsa ya matso da turken. Ƙwal! Goshi ya haɗu da ƙarfe. Ƙwallo kuwa ta gangara kusurwar hagu, daidai inda aka nuna masa, ta kwanta.

Fili ya kaure. Tuluna suka ɗauka, 'yan bandi suka shiga, talotalo ma ya sa baki. Keziya ta rasa inda za ta sa kanta, ko ta yi murna ko ta ɓuya.

Wani mai hankali da sai ya sulale. Ba Oga Barnaba ba. Ya tashi da ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa, ya nufi rumfar manya, ya fizge makirfo daga hannun mai sanarwa. A duk labaransa akwai abu ɗaya da ya tabbata gaskiya ne, shi ne sunan nan, kuma ga mai shaida a zaune.

"Jama'a, rana ce ta shiga mini ido, jesin nan kuma ta matse ni! Amma ga Fada Donatus nan, tare muka yi wasa. Fada, don Allah gaya musu. Fada Bature ya kira ni Porta Aperta ko bai kira ni ba?"

"Ya kira ka, Barnaba."

"Kun ji ko! To fassara musu!"

Fada ya sosa ƙeya. "Barnaba, bari sai mun keɓe."

"A'a, Fada, a nan! Kai da bakinka ka fassara mini a lokacin. Faɗa musu da lasifika kowa ya ji!"

Fada Donatus ya miƙe a hankali, ya karɓi makirfo, ya yi ajiyar zuciya.

"To, tunda ka matsa. Ni ma dama abin ya daɗe yana damuna. Ranar nan an zura mana goma sha ɗaya ba ko ɗaya, tun kafin a tafi hutun rabin lokaci an ci takwas. Shi ne Fada Bature ya kama kai ya yi wannan ihun. Da aka tashi na same ka bayan aji kana kuka, ka tambaye ni ma'anarsa, tausayi ya kama ni na ce maka Ƙofar Ƙarfe. Ƙarya na yi, Allah ya gafarta mini. Porta dai ƙofa ce, wannan gaskiya ne."

"Aperta fa?" in ji wani daga baya.

"A buɗe. Wato ƙofa a buɗe, kowa ya shigo."

Mutane suka dubi juna. Sai wani ɗan kasuwa ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo ni! Ƙofa uku na saya a shagonsa!"

Dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Masu faɗuwa daga benci na yi, masu riƙe ciki na yi. Sista Filomina ta cire tabarau tana share hawaye da gefen mayafi. Oga Barnaba na tsaye ƙiƙam, baki sake, ya kai hannu baya yana ƙoƙarin rufe rubutun jesi, hannun kuma ya ƙi kaiwa.

Lai'atu ta sa takalmanta, ta kwance talotalonta ta saɓa a hammata. Da ta zo wucewa ta gabansa sai ta ɗan russuna, cikin ladabi, daidai bakin makirfo.

"Maigida, ni na yi gaba. In ka dawo ba sai ka ƙwanƙwasa ba, ƙofa a buɗe take."